Jirgin Nutson Kawu

Ɗakinmu na unguwar Utaiƙa, a nan Riyad, bai taɓa cika irin cikar da ya yi ranar da muka dawo daga rufe Kawu ba. Takalma tun daga bakin ƙofa har ƙasan bene. Direbobi, 'yan gini, masu dako a kasuwar kayan gwari, mutanen Maraɗi da na Damagaram da mu 'yan Najeriya, kowa ya takure ya ba na kusa da shi wuri. Mai shigowa ya ce "Ya haƙuri?", in ce "Mun gode Allah," har bakina ya daina sanin abin da yake faɗa.

Wani dattijo mai sayar da dabino ya kurɓi shayi ya ce, "Sojan ruwa ya cika a cikin jirgi. To, ai Allah ya ba shi abin da yake so."

"Haba Alhaji," in ji wani direban tanka. "Wane abin da yake so? Ƙarfe a rufe, cikin wannan zafin? Ai tanda ce."

Can wani ya tuna ranar da Kawu ya kai masa ziyara, ya tsaya gaban firjinsa ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, sannan ya yarda ya zauna. Dariya ta kuɓuce wa mutane, suka yi maza suka haɗiye ta da "Allah ya jiƙansa."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Shi ne mai walda, Badamagaren da katanga kaɗai ta raba wurin aikinsa da na Kawu. Yana zaune a bakin ƙofa, shayinsa ya huce a gabansa. Duk sanda cokali ya taɓa kofi sai in ga kafaɗarsa ta zabura.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Taubashiyata ce daga Kano, 'yar Kawu ta fari. Ni da ita ba mu taɓa gaisawa babu tsiya ba, amma ran nan ko sallamar ba ta ƙarasa ba.

"Yaya, jirgin yana nan?"

"Yana nan."

"To ku yanka shi. Wallahi da ina garin nan da hannuna zan fara. Ya raba mu da Baba yana da rai, yanzu kuma ya cinye shi."

Na san ba sai ta roƙa ba. Ɗan mai filin da jirgin yake ya riga ya aiko cewa da zarar an tashi daga zaman makoki za a kawo wutar yanka. Abin da Kawu ya yi shekara da shekaru yana tarewa da ƙirjinsa ke nan, kuma da ya faɗi sai idon kowa ya dawo kaina, ni ɗan ƙanwarsa, jininsa kaɗai a garin nan.

A maƙabartar Riyad ba a rubuta suna. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. Muna juyowa na waiga in riƙe wurin a raina, sai na ga kaburbura jere iri ɗaya har inda ido ya tsaya. Na san in na dawo baɗi ba zan gane nasa ba. Jirgin nan shi ne alamar da ta rage cewa an yi wani mutum irin Kawu a ƙasar nan, shi ma ga shi ana wasa masa wuƙa. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ni da ba marubuci ba, direban wani ofis ne kawai a unguwar Ulaya.

Kawu yayan Inna ne, ciki ɗaya. Bakano ne na cikin badala, wanda babban ruwan da ya sani a yarinta shi ne kududdufin bayan unguwa. Inna ta ce in an neme shi an rasa ba a wahalar da kai, can za a tarar da rigarsa a bakin ruwa. Da ya girma ya shiga sojan ruwa ya zama mai nutso, irin waɗanda ake turawa ƙarƙashin jirgi in wani abu ya lalace. Rundunarsu ba ta da jirgin nutso, shi da kansa yake faɗa. Sai da aka tura shi kwas wata ƙasa ya shiga ɗaya, aka rufe murfi a kansu, suka sauka inda rana ba ta kaiwa. A can kuma ya ga abin da bai taɓa barin ransa ba: tsofaffin jiragen nutso da suka gama aiki, an fito da su tudu an ajiye, tsofaffin sojoji na share su suna yi musu fenti, yara na shiga suna fita.

"Mutanen nan sun san darajar abin da ya mayar da su gida lafiya," in ji shi. "Mu kuwa abu ya tsufa, sai 'yan gwangwan."

Bayan ya ajiye kaki ya zo ƙasar nan tuƙin tirela. Wata rana aka tura shi bakin teku ɗaukar kaya, aka ce masa tsohon ƙarfe ne. Yana isa ya ga abin a kwance kan katakai, baƙi, mai ƙiba kamar tankar mai, tsawonsa bai wuce na doguwar bas ba, da 'yar hasumiya a gadon baya inda murfin shiga yake. Ƙaramin jirgin nutso ne na zamanin da, na wata runduna da ko rubutunta ya goge. Wani tsohon Balarabe mai son tara kayan da ne ya saye shi, yana so ya kafa shi a filinsa da ke kudu da Riyad, kusa da inda ake farfasa matattun motoci. Kawu ya ce duk tsawon hanyar nan ta hamada bai yarda ya taka rami ko ɗaya ba. Da suka sauke, Balaraben ya ga yadda yake shafa jikin abin yana duba shi, ya tambaye shi ko ya san shi. Hirar da suka fara ran nan, da guntun Larabcin Kawu da nuni da hannu, ita ta sa tsohon ya karɓi iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, ya zama kafilinsa mai tsaya masa, ya ba shi ɗaki a bakin ƙofar filin ya ce ya zama mai gadi.

Gadi dai sunan aikin ne. Abin da Kawu yake yi reno ne. Kullum da safe zai ɗauki wata doguwar sifana ya bi jikin jirgin daga hanci zuwa wutsiya, ƙwan, ƙwan, yana kasa kunne. Ya ce ƙarfe mai lafiya yana da murya, wanda tsatsa ta ci daga ciki kuma muryarsa a dishe take. Inda ya ji dishewa sai ya kankare, ya shafa jan fenti, ya bi da baƙi. Wata rana waje zai bi, wata rana ciki, kuma in abin ya motsa masa sai ya wuni yana bugu. Duk maƙwabta sun saba. In ba su ji ba ma sai su leƙo su tambaya ko Baba ba shi da lafiya.

Na taɓa ce masa, "Kawu, jirgin da ba zai sake ganin ruwa ba, meye na wahala?"

Ya harare ni. "Kakarka da ta daina daka, kun jefar da ita? Mutane sun zauna cikin nan, yaro. Sun yi numfashi, sun ji tsoro, sun roƙi Ubangijinsu da yarensu. Ya kuma fito da su. Ba za a yanka shi kamar gwangwanin madara ina numfashi ba."

Ranar da na fara zuwa, sabon shigowa ƙasar, sai da ya sa na shiga. Na hau, na bi tsanin ƙarfe na sauka cikin wani duhu mai warin giris. Wuri ne da ba ka miƙewa tsaye sai ka sunkuya, bututu da famfuna ta ko'ina, kowanne yana ƙyalli saboda guga. Kafin in sauka ya riƙe ni a kafaɗa ya ba ni doka.

"Na waje shi ke ƙwanƙwasawa, na ciki shi ke amsawa. In kana ciki ka ji bugu, ka amsa da duk abin da ke hannunka. Ko kana fushi da mutum ka amsa masa, in ka fito kwa ƙarasa faɗan."

Wannan ƙwanƙwasawa ba a jirgi kaɗai ta tsaya ba, kuma ita ce ta sa wasu ke ganin kamar da ɗan taɓi a kansa. Kawu ba ya wuce abu rufaffe. Tankin ruwa, kwantena, but ɗin mota, sai ya buga ya saurara. Mai walda ya mayar da shi abin tsokana, da yake Bakano da Badamagare ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Yakan leƙo ta kan katanga ya ce, "Baba, aljanun sun amsa yau?" Kawu ya ce, "Bawana, koma ka ci gaba da toya ƙarfe, manya na magana." Wata rana an kawo wa mai waldan wata ruɓaɓɓiyar mota zai datsa, Kawu ya tsallako ya ce sai ya buga. Ana ta dariya ya buga, sai ga kuka siriri daga ƙarƙashin kujera. Kyanwa ce da 'ya'yanta, ko ido ba su buɗe ba. Kawu ya kwashe su a hularsa ya tafi da su, ya bar mai walda baki buɗe. Daga ran nan shi ma in zai kunna wuta sai ya ɗan buga ƙarfen da guduma, yana kwaikwayon tafiyar Kawu don a yi dariya.

Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili. Wata Juma'a ce cikin sanyi, mun dawo daga masallaci muna cin shinkafa a inuwar jirgin. Ban ma tambaye shi ba. Ya ajiye cokali ya ce lokacin yana aiki, wani ƙaramin jirgi ya kife a bakin wani kogi can kudancin Najeriya, da mutane a cikinsa. Aka kai su Kawu wurin. Ƙofar da za a bi ta ƙasa ta nutse cikin laka, babu hanya. Shi aka ɗora a bayan jirgin da ya kife, aka ce ya riƙa bugawa don na ciki su san an zo, kafin a kawo kayan yanka.

"Na buga, suka amsa. Da yawa, kamar ana luguden daka. Na buga, suka amsa. Ruwa yana hawa, kayan yanka ba su iso ba. Amsar ta riƙa raguwa. Daga baya mutum ɗaya ya rage. In na buga sai ya daɗe, sannan ya amsa a hankali, kamar mai jin kunya." Ya dubi tafin hannunsa. "Ban san sunansa ba. Da aka fito da su ban san wanne ne shi ba. Har yau in na buga abu, shi nake jira."

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da ci. Ni kam abincin ya fita raina, kuma ban sake yi masa dariyar bugu ba.

Amma mun yi faɗa, faɗa mai muni. Bayan tsohon Balaraben ya rasu, ɗansa ya fara kawo masu sayen fili suna zagayawa. Kawu ya zama kamar kaza mai 'ya'ya. Duk wanda ya zo sai ya tare shi da bayani, ya nuna masa ciki, ya roƙi ɗan da girman mahaifinsa. Ɗan yana jin nauyinsa, don a gabansa ya girma, sai ya ce "Halas ya ammi, shi ke nan baffa, an bari," a kwana biyu. A cikin wannan hali matar Kawu ta rasu a Kano. Ya je, amma ko arba'in bai jira ba ya juyo, don an buga masa waya cewa an ga masu awo a filin. Taubashiyata ba ta yafe wannan ba. Ita da Inna suka haɗa mini kai, suka ce in je in gaya masa ya tattara ya dawo gida, ya tsufa.

Na je da zafina. Na tarar da shi a kan jirgin da gwangwanin fenti.

"Kawu, ka ji tsoron Allah. 'Ya'yanka na can suna kuka, kai kana nan kana shafa wa gawar ƙarfe kwalli. Wa ya aike ka? Wa zai gode maka? Ko ƙasar da ta ƙera shi ta manta da shi!"

Ya sauko a hankali, ya goge hannu. "Ka gama?"

"Ban gama ba. Mutanen da suka mutu a kogin nan ba sa cikin wannan tulun. Ko ka shekara dubu kana bugu ba mai amsa maka."

Wallahi ina faɗa na so in kamo maganar in mayar. Fuskarsa ta yi wani iri. Ya nuna mini ƙofa da sifana ya ce, "Fita mini daga fili." Na fita ina huci, na rantse ba zan sake takowa ba.

Muka ɗauki lokaci ba ma magana. Ran nan ina zaune cikin mota a ƙarƙashin wani dogon bene a Ulaya ina jiran maigidana, gilas a rufe, sai na ji ƙwan, ƙwan a jikin ƙofa. Na ɗaga kai, ga Kawu cikin rana, ya sha hanya tun daga kudu, da leda a hannu. Na kawar da kai. Ya sake bugawa. Na sauke gilas.

"Me na gaya maka ranar farko?" in ji shi.

Ya miƙo ledar, dambun nama ne da aka aiko masa daga gida.

"Ko kana fushi ka amsa. Ungo, uwarka ce ta yi, ni haƙorana sun ƙare."

Ya juya zai tafi na fito na riƙe shi. Mutum ke nan. Bai ce in ba shi haƙuri ba, bai kuma ce zai koma gida ba. Ya dai ce in gaya wa 'yarsa yana nan tafe da zarar ya samar wa jirgin wurin da za a riƙe shi da mutunci.

Yadda ya rasu, a bakin mai walda na ji. Bayan mutane sun ragu ya ce in zo in raka shi filin. Muka tsaya a jikin katangar da ta raba su, da rana tsaka, ya kasa kallona.

Kawu ya sa wa murfin sabuwar roba. In ya yi haka yakan shiga ya ja murfin a kansa, ya duba ko haske na ratsowa ta gefe. Da alama a cikin duhun nan ƙafarsa ta zame daga tsani, ya faɗo, ƙugunsa ya karye. Wayarsa na kan katifa a ɗaki. Watan zafi ne, irin zafin Riyad da ko sitiyari ba ya taɓuwa. Abin da ya rage masa sifanar da ke hannunsa.

"Na ji shi," in ji mai walda. "Tun hantsi na ji shi. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Har na ce wa abokan aikina, yau Baba ya tashi da ƙarfinsa. Muka yi dariya. Na ɗaga murya na ce, Baba, a gaida aljanu! Muka tafi azahar yana bugawa. Muka dawo yana bugawa, amma a hankali, sai ya daɗe sannan ya sake. Na ce tsoho ya gaji." Ya dafa katangar. "Sai da la'asar na ga ba ya sahun salla, na kuma lura tsit. Sannan na tsallaka."

Ba shi kaɗai ya ji ba. Mai shayin bakin hanya ya ji, masu farfasa motoci sun ji, duk wanda ya san Kawu a layin nan ya ji. Baƙo ne kaɗai zai ji wannan bugu ya ce lafiya kuwa? Su kuwa sun saba, shekara da shekaru, shi da kansa ya sabar musu. Na ce masa kwana ne ya ƙare, ko a gadon asibiti yake sai ya tafi. Ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Sannan ya ce tun ranar bai daina ji ba, ko injin na aiki yana ji.

Duk da haka na yi ƙoƙarin ceto jirgin. Raina biyu, rabi na tare da taubashiyata, don ni ma in na kalle shi sai in ji kamar in cinna masa wuta. Amma in na tuna tsohon nan tsaye cikin rana da ledar dambu, sai in kasa zama. Na je wurin ɗan mai filin. Ya karɓe ni da gahawa da dabino, ya yi hawaye na gaske, ya ce Kawu ya goya shi a wuya ya leƙa da shi cikin jirgin nan yana ƙarami. Sannan ya ce fili ya riga ya fita hannunsa, kuma bayan abin da ya faru ba zai iya barin abin a tsaye ba. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka ta. Na bi wani ɗan garinmu da ke aikin gini a Dir'iyya, tsohon garin da ake gyarawa don tarihi, ya haɗa ni da wani mudir, wato manajan kamfaninsu, ko za su so shi cikin kayan tarihi. Mutumin ya kalli hoton a wayata ya yi murmushi, ya ce su gidajen ƙasa suke rayawa, me zai kawo jirgin teku? Na tura hotuna ga tsofaffin abokan aikin Kawu a gida. Suka yi ta addu'a, wasu suka yi kuka a saƙon murya. Addu'a kuwa ba ta ɗaukar ƙarfe a tirela.

Aka sa rana. Kamfanin da mai walda ke wa aiki aka ba yankan, da yake su ne kusa, shi kuma aka ce ya yi.

Ran nan da safe wani abokina ya sauke ni a bakin filin ya wuce. Ban gaya wa kowa zan zo ba. So nake in kwashe abin da ya rage na Kawu a ciki kafin su fara. Tun ranar da aka fito da shi ba wanda ya sake rufe murfin, yana nan a wangale. Na sauka. Warin giris na nan yadda na san shi. Na sami butarsa, da tsumman guga, da hular da ya taɓa kwashe 'ya'yan kyanwa. A ƙarƙashin wani benci na ga sifanar. Kusa da wurin, a jikin bango daidai inda hannun mutum a kwance zai kai, fenti ya ɓare, ƙarfe ya fito fari tas, faɗin tafin hannu.

Na zauna a wurin da sifanar a cinyata. Safiya ce amma zufa ta jiƙa ni, iskar ciki da nauyi kamar an rufa maka bargo. Ban san iya zaman da na yi ba. Ban ji shigowar mota ba, ban ji muryar kowa ba, ashe daga ciki ba a jin komai na duniya.

Sai ƙarfen ya yi ƙara.

Ƙwan. Ƙwan.

Ban taɓa jin bugun daga ciki ba. A waje ƙaramin sauti ne, a ciki kuwa duk jirgin ne ke amsawa, har cikin haƙoranka. Wannan ne abin da ya kwanta a nan yana jira, tun hantsi har la'asar. Ban yi tunani ba, ban yi niyyar tsorata kowa ba, hannuna ne kawai ya bi doka. Na ɗaga sifanar na buga a farin wurin nan.

Na ji wani abu mai nauyi ya bugi jikin jirgin daga waje ya faɗi. Na ji takalma na zamewa a jikin ƙarfe, mutum na hawa da gwiwa da farce. Sai murya ta faɗo ta bakin murfin, a fashe, irin wadda ban taɓa ji daga babban mutum ba.

"Baba! Ga ni, Baba! Na ji, wallahi na ji, ga ni nan!"

Kansa ya tare hasken. Ya sauko tsanin kusan da faɗuwa, yana laluben duhu da hannu biyu, har ya kama kafaɗata. Ya tsaya. Idonsa ya saba da duhun, ya gane ni. Ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Kai ne."

"Ni ne. Ka yafe ni, ban san kun iso ba."

"Don me ka amsa?"

"Ka ƙwanƙwasa."

Ya rufe fuska da hular waldarsa ya yi kuka kamar yaro, ni ma na taya shi. Da ya samu numfashi ya ce wutar na hannunsa, har ya kai ashana, sai ya ji ba zai iya kunnawa bai buga ba. Ya dubi farin wurin a bango ya daɗe yana kallo.

"Sau ɗaya," in ji shi. "Da na tsallako na buga sau ɗaya ran nan, ko da wasa, ko don in tsokane shi."

Mudirin kamfaninsu ya ce in ba zai iya ba a kawo wani. Ya ce a'a, baƙo ba zai taɓa jirgin Baba ba. Shi ya yanka shi da hannunsa, gunduwa-gunduwa, kuma kafin kowane yanka sai ya buga ya saurara, ba mai dariya. Ban tsaya na ga ƙarshe ba. Na kira taubashiyata na ce mata an yi. Na zaci za ta ce alhamdulillahi. Sai ta ce, "Yaya, da me zan tuna shi yanzu?" Na ce akwai sifana, in na zo hutu zan kawo mata.

Ya Allah, ga bawanka nan da ya ƙare rayuwarsa yana saurarar na cikin duhu, yau shi ne a ciki. Ka yalwata masa wurin, ka sanyaya masa, ka haɗa shi da mutumin kogin nan da bai san sunansa ba. Mu ba mu zo da wuri ba, kai kada ka bar shi yana jira.

Na bi ta wurin kwanan baya. An share filin, an fara haƙa harsashin gini. Mai walda na nan bayan katangarsa. Na tsaya a ƙofarsa ta ƙarfe na ƙwanƙwasa, ban ma sauke hannu ba ya amsa.